Fentin Gari: Shin Ya Kamata a Toya Ƙarfen Mota a Cikin Gida?

 

Yau zancenmu a kan fenti ne, amma ba irin wanda kuka saba gani a gwangwani ba, wanda a kan motsa da tsinke a tsinka shi da tina a shafa da buroshi. Wannan da za mu yi magana a kansa busasshe ne ƙarau, gari ne mai laushi kamar hodar kwalliya, babu ɗigon ruwa a cikinsa. A kan fesa shi a jikin ƙarfe, a sa ƙarfen cikin tanderu a toya, ya fito da sheƙi sumul kamar tangaran. Ba mu da wani tsohon suna gare shi a Hausa, saboda haka bari mu kira shi fentin gari. Da yawa daga cikinku kuna zaune tare da shi ba ku sani ba. Farin jikin firji, da akwatin na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarafan tagogin alminiyam, galibinsu da shi aka rufe su.

Da can wannan aikin manyan masana'antu ne kaɗai. Yanzu kuwa an yi 'yan ƙananan bindigogin feshi masu araha, hotunan bidiyo kuma sun cika intanet suna nuna yadda mutum zai yi wa kayan motarsa wannan fenti shi kaɗai a gida, da tsohon tanderun girki. Samari masu son mota, da makanikai masu neman ƙarin sana'a, ba mamaki su yi sha'awar abin. Ni ra'ayina, tun kafin mu yi nisa, shi ne: hikimar tana da kyau ƙwarai, ta kuwa cancanci masu sana'armu su koye ta, amma gidan da a ke kwana a ke dafa abinci ba wurinta ba ne. Akwai kuma wasu sassan mota da bai kamata ɗan koyo ya sa su a wuta ba ko da a ina ne. Bari in faɗa muku dalili.

Mu fara da asalin abin. Wani masani Bajamushe, Erwin Gemmer, shi ne ya nemi a yi masa rajistar wata dabara a shekarar 1953, aka ba shi a 1955. Dabararsa ita ce a zuba garin roba a cikin wani baho, a riƙa hura iska ta ƙarƙashinsa, sai garin ya tashi yana ɓulɓula kamar kunu a kan wuta. Sa'an nan a zafafa ƙarfe a tsoma a ciki, garin ya narke ya lulluɓe shi. Aibin wannan hanya shi ne fentin ya kan yi kauri da yawa. A farkon shekarun 1960 sai aka sami hanyar da a ke bi yau, watau feshi da ƙarfin lantarki. A nan a kan ambaci wani mutumin Holan, Pieter de Lange, wajen haɗa garin, da kamfanin Sames na Faransa wajen ƙera bindigar. Ƙaramar bindigar masu yi a gida kuwa, wani kamfanin Amurka mai suna Eastwood ne ya yayata ta a wajejen ƙarshen shekarun 1990.

To, yaya busasshen gari zai manne a jikin ƙarfe mai sanyi ba tare da ɗanko ba? Duk wanda ya yi makarantar firamare ya san amsar ko da bai san ya sani ba. Ka tuna sa'ad da a kan goga biro a gashin kai, a kusantar da shi ga 'yan guntayen takarda, sai ka ga suna tsalle suna mannewa? Ko kuwa cikin dare a lokacin hunturu, in ka ja bargo ka ji ƙas-ƙas, ka ga 'yan tartsatsi a duhu? Wannan lantarki ne na kwance, wanda ya taru a jikin abu bai sami hanyar gudu ba. Girkawan da, tun zamanin wani mai hikima da a ke kira Talis, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, sun lura da haka a jikin wani daskararren ƙaro na itatuwa. Daga sunan da su ke kiran wannan ƙaro ne, elektron, kalmar lantarki ta samo asali har ta iso bakinmu.

A bakin bindigar feshi akwai wata 'yar allura mai ɗauke da lantarki mai tsananin ƙarfi. A ƙananan bindigogi ya kan kai bolt 10,000 zuwa 25,000, a na masana'antu kuwa har zuwa 100,000. Iska mai sauƙi ce ke turo garin, in ya zo wucewa ta gaban allurar sai kowace ƙwaya ta ɗauki lantarki. Shi kuma ƙarfen da za a fesa an maƙala masa waya an haɗa shi da ƙasa. Sai garin ya riƙa neman ƙarfen da kansa, har ya kan zagaya ta baya ya manne inda mai feshi bai auna ba. Wannan abu ne mai ban sha'awa ga ido. Amma a lungu da kusurwa ya kan ƙi shiga, ya taru a baki-baki. Dalilin haka Michael Faraday na Ingila ya bayyana shi tun 1836, ya nuna cewa lantarki a bayan ƙarfe ya ke zama, ba ya son shiga cikin rami. Gwani ya kan rage ƙarfin bindiga ya fara da lunguna. Ɗan koyo kuwa ya kan yi ta ƙara gari, waje ya yi tudu, ciki na nan tsirara.

A wannan mataki in ka hura da baki garin zai tashi. Wuta ce ke mai da shi fenti. A kan sa ƙarfen a tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, watau ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Da fari garin ya narke ya malale, sa'an nan sinadaran da ke cikinsa su sarƙe da juna su zama abu guda. Ku dubi bambancin man shanu da ƙwai. Man shanu in ya daskare, ka mai da shi wuta zai sake narkewa. Ƙwai kuwa in ya dahu ya dahu ke nan, ba ya komawa ɗanye. Irin garin da a ke yi wa kayan mota halin ƙwai gare shi. Lokacin toyi minti 10 ne zuwa 20, gwargwadon irin garin, amma ga inda a ke yawan faɗuwa: ba daga sa'ad da aka rufe tanderu a ke fara ƙirga ba, sai daga sa'ad da jikin ƙarfen kansa ya kai wannan zafi. Siririn ƙarfe nan da nan ya ke kaiwa, mai kauri kuwa ya kan ɗauki rabin sa'a ko fiye yana ɗumama. Wanda ya yi gaggawar fitarwa zai ga sheƙi a ido, amma fentin bai nuna ba, ƙaramin dutse zai ɓare shi.

Iyayenmu mata sun san dangin wannan hikima tun da daɗewa. Kwanonin jere masu zanen furanni, waɗanda a kan ƙawata ɗakin amarya da su a Kano da Katsina da Maraɗi, ai garin gilashi ne aka toya a jikin ƙarfe, sai dai su zafinsu ya kan kai wajen digiri 800. Kun kuwa san halinsu, in kwano ya faɗi ya ɓantare, daga wannan ɗan baƙin tabo tsatsa ke fara cinsa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Dole in ba fentin gari haƙƙinsa. Fentin ruwa, kashi mai yawa na abin da ke cikin gwangwani tina ce da danginta, waɗanda aikinsu kawai su bi iska su tafi, su bi ta hancin mai feshi da na maƙwabtansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen masu fentin mota ya san irin jirin da wannan wari ke sa mutum. Fentin gari ba shi da tina. Shafi ɗaya ya kan ba da kaurin da ya kai na silin gashin kai ko ya ɗara, ba ya zuba ba ya tsiyaya, da ƙarfen ya huce kuma an gama, ba a jiran kwana da kwanaki ya bushe ƙura na sauka a kai. A masana'anta a kan tattara garin da bai manne ba a sake amfani da shi, kusan ba a asarar kome. Ga jure gogayya da duka. Maƙerin da ke yin ƙofofi da kujerun ƙarfe da gadajen asibiti, in ya mallaki wannan hikima, kayansa za su yi gogayya da na kanti. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasashen da ke sayo irin waɗannan kaya daga waje.

Yanzu mu sauko ƙasa mu dubi inda masu sauraronmu su ke zaune. Mu ɗauki birnin Madina, inda Hausawa suka daɗe da zama, tun zamanin da a ke tafiya Hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasunsu kuma suna cin abinci da sana'ar tuƙi da gyaran mota. A kudancin birnin akwai unguwar Ranuna, wadda ta ci sunan kwarin nan da ke gangarowa ta wajen Ƙuba. A ce wani saurayi a can ya sayo bindigar feshi yana so ya gyara kayan motarsa. Me zai tarar?

Abu na fari, abokin gaban fenti a Madina ba shi ne na Turai ba. A nan ƙasashen sanyi inda na ke, a kan watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cinye ƙarƙashin motoci, shi ya sa mutanen nan suka damu da maganin tsatsa. Madina busasshen gari ne, ruwan sama kaɗan ne a shekara. Abin da ke kashe fenti a can rana ce da yashi. Garin fenti kuwa iri-iri ne. Akwai na ifoksi, wanda ya fi kowanne kama ƙarfe da jure sinadarai, amma ba ya shiri da rana, 'yan watanni a waje sai ya dushe, fuskarsa ta koma kamar an shafa alli. Akwai na foliyesta, shi ne mai jure rana. Wanda ya sayi gari don launinsa kawai, bai karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin ba, ya yi aikin baban giwa. In kuwa motar tana yawan zuwa Yanbu ko Jidda a bakin Bahar Maliya, inda iska ke ɗauke da laima da gishiri, to, sai an yi shafi biyu, ifoksi a ƙasa foliyesta a sama.

Zafin garin ma wata matsala ce da masu bidiyo ba su faɗa. Masu yin garin fenti su kan ce a ajiye shi a busasshen wuri wanda zafinsa bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A Madina zafin rani ya kan haura 40 kusan kullum, haka Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu. Gari in ya yini a but ɗin mota ko a shago mai rufin kwano, sai ya dunƙule, wani lokaci ma ya fara nuna tun yana cikin kwali, in an toya shi ya fito da ƙurji-ƙurji kamar bawon lemo. Sa'an nan yawancin ƙananan bindigogin da a ke yi don kasuwar Amurka da wutar bolt 120 su ke aiki, alhali wutar gida a Nijeriya da Nijar da sababbin gidajen Saudiyya 220 ce zuwa 230. Wanda bai duba ba ya cusa a bango, hayaƙi zai gani.

Waɗannan duka asarar kuɗi ce kawai, kuɗi kuwa a kan sake nema. Abin da ya fi damuna shi ne ƙura.

Fentin gari ba ya kama sai a kan ƙarfe tsirara, wanda babu tsohon fenti, babu tsatsa, babu maiƙo ko da na yatsa. Masu aikin su kan ce shirin ƙarfe shi ne aikin, feshi wasa ne. Hanyar da a ke kankarewa ita ce a harba wa ƙarfen tsakuwa mai laushi da iska mai ƙarfi. A ƙasashenmu kuwa me ya fi yashi araha? Ga shi nan kyauta a bakin ƙofa. To, yashi in ya bugi ƙarfe ya kan farfashe ya zama ƙura mai ƙanƙanta wadda ido ba ya gani, ta shige can cikin huhu ta zauna. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai huhu ya yi ta yin tabo a kewayenta har ya ƙandare. Likitoci suna kiran wannan cuta silikosis. Ba ta warkewa, ta kan ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin, ta kan kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta kafa dokar hana wannan irin kankara da yashi tun 1949. Ƙyallen da a kan ɗaure hanci da shi, ko rawani, ba ya tare irin wannan ƙura ko kaɗan.

Tsohon fentin da a ke kankarewa shi ma ba kanwar lasa ba ne. Fentin da na motoci da injuna, musamman rawaya da ja da ruwan goro, da yawansa da dalma aka haɗa shi. Mu kuwa Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan ƙurar dalma ba. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara wajen 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Ba wani abu ya jawo ba illa duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gida a daka a niƙa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Iyayen ba mugunta suka yi ba, abinci su ke nema, kuma gida ne wurin da su ke da shi. A 2015 aka sake ganin irin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ban ce kankare bamba ɗaya zai kawo abin da ya faru a Bagega ba, yawan dalmar ba ɗaya ba ne. Amma hanyar ɗaya ce: ƙurar sana'a ta sauka a inda yaro ke wasa, ta bi rigar uba zuwa ɗaki. Dalma kuwa ko kaɗan ce tana rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta rage ba ya dawowa.

Shi kansa garin fenti, rashin warinsa ne ke yaudarar mutane. Wasu nau'o'in foliyesta suna ɗauke da wani sinadari da a ke taƙaita sunansa da TGIC, wanda ke sa ƙaiƙayin fata da asma, Tarayyar Turai kuma ta sa shi cikin jerin abubuwan da ke iya lalata ƙwayoyin gado tun ƙarshen shekarun 1990. Saboda haka masana'antun Turai suka koma ga wani madadinsa, amma a wasu kasuwannin duniya ba a daina sayar da mai TGIC ba. Har wa yau, kowane irin gari mai cin wuta, in ya tashi ya cika iska a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe shi kamar albarushi. A watan Yuni na 2015, a wani wurin wasa a Taiwan, garin masara mai launi da a ke watsa wa jama'a don nishaɗi ya kama wuta, mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka ƙone. Garin masara fa, wanda a ke ci. To, ina ga garin roba a ɗan ƙaramin ɗaki, ga tukunyar gas a gefe, ga wani yana shan taba a bakin ƙofa?

Sai maganar tanderu. Duk masu sayar da kayan nan sun yarda da abu ɗaya, tanderun da aka toya fenti a ciki ba a sake gasa abinci a cikinsa har abada, gama hayaƙin ya kan lafe a jikin bangonsa. Wannan shawara tana da sauƙin bi ga Ba'amurke mai garejin mota daban da gidansa, wanda zai sami tsohon tanderun lantarki a banza. Ku lura, a irin waɗannan gidaje aka haifi wannan sha'awa, don su kuma aka yi bidiyon. Mu halinmu dabam ne. Mutumin Madina yana da wutar lantarki wadda ba ta cika yankewa ba, amma sau da yawa a bene ya ke haya, ɗaki bisa ɗaki, na'urar sanyaya ɗakin maƙwabci tana zuƙar iskar da ya ɓata. Mutumin Kano ko Zariya yana da fili, amma in an ɗauke wuta fenti na tsakiyar nuna, aikin ya lalace, sai a sake kankarewa daga farko, ƙaramin janareto kuwa ba ya ɗaukar tanderu. Ina jin tsoron kada dabara ta kai wani ga tanderun mai burodi ko na masu gurasa, ya ce a sa masa bayan an kwashe na yau. In mai burodi yana jina, don Allah kada ya yarda ko nawa za a ba shi.

Mu komo kan motar kanta. Abin da samari suka fi so su yi wa wannan fenti shi ne wili, watau ƙarfen da a ke ɗora taya a kai, don shi ido ke fara gani. Shi ne kuwa na fi jin tsoro. Wilin zamani na alminiyam ne, wanda maƙera ke kira goran ruwa, ƙarfinsa kuma ba daga narkarwa kaɗai ya ke samuwa ba. Bayan an zuba shi a kan yi masa wani horo na wuta, a ajiye shi sa'o'i a zafin da bai kai digiri 200 ba, sa'an nan ya yi tauri. Gaskiya ne a masana'anta ma da fentin gari a ke rufe wili, amma su sun auna zafin da lokacin, sun sa shi cikin lissafinsu. Tanderun gida ya kan yi sama ya yi ƙasa da abin da aka saita shi, ɗan koyo kuma in bai gamsu ba ya kan toya sau biyu sau uku. Mafi muni shi ne mai ƙone tsohon fenti da wutar walda ko ta gawayi. Wili zai fito yana walƙiya, kyan ɗan maciji, alhali ya yi laushi a ciki, ba kuwa abin da zai nuna sai ranar da ya faɗa rami da gudu. Daga Madina zuwa Makka tafiyar fiye da kilomita 400 ce a kan titi mai zafi, mota cike da iyali. Haka daga Kano zuwa Abuja.

Akwai kuma wani ɗan abu da ba a kula da shi. In fenti mai kauri ya shiga mazaunin noti, ko fuskar da wili ke haɗuwa da gindinsa, za ka ɗaure noti tam, amma a kan fenti ka ɗaure. Birki ya yi zafi, fentin ya yi laushi ya lotse, noti ya saki. Direbobin manyan motoci sun san yadda taya kan fita ta wuce mota tana gudu. Gwani ya kan rufe waɗannan wurare da salatif mai jure wuta kafin ya fesa. Haka nan duk abin da ke da roba, ko boris, ko giris a cikinsa ba ya shiga tanderu sai an kwance shi sarai, abin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa kada a ma fara. A Saudiyya akwai ƙarin magana, dokar hanya ba ta yarda a canza launin mota ko siffarta ba sai da iznin hukuma.

Wani zai ce, ai kai ma ka cika tsoro, duk sana'a da haɗarinta, da haka a ke koyo. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Mai walda a Fanteka ta Kaduna, da mai narka tukwane a kasuwar Katako ta Yamai, da mai sayar da ƙarfe a Ƙofar Ruwa ta Kano, ba a aji suka koya ba, da hannu suka koya, kuma ba don irinsu ba da ƙasashenmu sun tsaya cik. Ban ce a bar wa Turawa hikimar ba. Amma ku duba, duk waɗannan da na ambata a kasuwa su ke aikinsu, ba a ɗakin matansu ba. Kakanninmu ma sun raba, marina tana Ƙofar Mata, majema tana nata wuri, maƙera tana bakin kasuwa. Babban mutum da ya zaɓi sana'a ya ɗauki haɗarinta da saninsa. Jaririn da ke rarrafe a tsakar gida ba wanda ya yi shawara da shi.

Saboda haka abin da na ke ganin ya fi shi ne haɗin gwiwa. Makanikai huɗu ko biyar, ko ƙungiyar masu walda, su kama rumfa ɗaya a unguwar masu sana'a, wadda a Saudiyya a ke kira sina'iyya. Su sayi tanderun lantarki ɗaya da ma'aunin zafi na kirki, su gina akwatin kankara rufaffe, su yi aiki da tsakuwar da aka yi don wannan aiki maimakon yashin rafi, kowa da abin rufe hanci mai matata, a bar kayan aiki a rumfa a yi wanka kafin a koma gida. Garin ma ba sai an yi oda daga Amurka ba, gama kamfanin Jotun na ƙasar Norwe yana da masana'antar yin sa a Dammam, kuma irin wanda aka haɗa don zafin ƙasashen Larabawa ya fi dacewa da ranarmu. Su fara da abin da in ya ɓaci ba ya kisa: murfin inji, da mariƙin batir, da kariyar babur, da ƙafar kujera. Wili da kayan birki da na sitiyari a kai wa masu cikakkun kayan awo.

Na ce za mu komo ga kwanon da ya ɓantare. Fentin gari ma haka ya ke, in dutse ya sare shi har ƙarfe ya fito, tsatsa ta kan bi ta ƙarƙashi tana tafiya a ɓoye, sai wata rana ya ɗago kamar ɓawon rogo. Ba a kuma yi masa ciko da buroshi ya koma daidai. Maganin haka shi ne a wanke ƙarfen da ruwan fosfet bayan kankara, kafin feshi, yadda masana'antu ke yi. In kuwa kai mai saye ne, aka ce maka an yi wa kaya fentin gari, ka roƙi mai aikin ya toya wani ɗan guntun ƙarfe tare da naka. Ka sa reza ka tsaga shi layi-layi a tsaye da a kwance kamar gidan dara, ka manna salatif ka danne, ka fizge da ƙarfi. In aikin ya yi kyau salatif zai fito wayam. In ya ɗebo 'yan gidajen fenti, to, ko ba a wanke ƙarfen sosai ba, ko ba a bar shi ya nuna ba.